Tun ran gini tun ran zane: ina ƴaƴan Bazaga za su kafa gidajensu?

Duk matafiyin da ya taso daga Yamai bisa babbar hanya ya nufi Birnin Ƙonni, kafin ya isa birnin sai ya ratsa ƙasar Bazaga. In ya daɗe rabonsa da wurin, abu na farko da zai lura da shi shi ne garuruwan bakin hanya sun yi faɗi. Inda a da can ake yankan gero a bayan gari yanzu an jera tubali yana shan rana, inda ake ɗaure jakuna kuma an ta da ɗakin amarya da rufin kwano. Wannan alama ce ta ƙaruwar zuriya da ɗan abin hannu, babu kuwa mai baƙin ciki da ita. Sai dai akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu tun da sauran lokaci: wa ya shata wurin da waɗannan gidaje suka zauna, kuma waɗanda ke tafe a baya ina za su shiga?

Ra'ayinmu a kan wannan magana guda ne. Wajibi ne hukumar komin, ta Bazaga da takwarorinta na gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela, ta tanadi filin gidajen gobe tun yau, ta fitar da hanya da mabiyar ruwa da wuraren jama'a kafin a aza tubali na farko, ta kuma yi wannan aiki a gaban masu gonaki da sanin kowa. Sa'an nan kada ta ɗauki yankan filaye, wato abin da ake kira lotisma, a matsayin kasuwar da za ta riƙa cika asusunta da ita. Ga dalilanmu.

Abin da ƙidaya ta nuna

A ƙidayar 1977 ƴan Nijar miliyan 5 ne da ɗan ɗori. A 1988 sun haura miliyan 7, a 2001 sun kai miliyan 11, a ƙidayar 2012 kuma miliyan 17 da dubu 138. Tsakanin 2001 da 2012 jama'a ta riƙa ƙaruwa da kashi 3,9 cikin 100 kowace shekara, ma'ana gari mai mutum dubu zai zama mai dubu biyu cikin shekara 18 ko kusa da haka. A wannan ƙidaya ta 2012 an sami mutum dubu 37 da 571 a komin ɗin Bazaga, dubu 149 da 414 a komin ɗin Birnin Ƙonni, gundumar Ƙonni duka kuwa dubu 312 da 886. Gundumar Malbaza, wadda aka cire daga jikin Ƙonni a 2011, an same ta da dubu 232 da 407.

To bari mu yi lissafi irin na ajin yaƙi da jahilci, wanda kowa zai iya bi da alli. In Bazaga ta bi sawun ƙasa baki ɗaya, zuwa 2030 mutanenta za su kai wajen dubu 75, wato ƙarin dubu 37 bisa na 2012. In muka ce kowane gida mutum 7 ne, wannan ƙari yana bukatar gida sama da dubu 5. In kowane gida ya ɗauki fili mai mita 20 tsawo da mita 20 faɗi, gida 25 ke cika hekta guda, gida dubu 5 kuma hekta 200. A ƙara musu hanyoyi da makarantu da maƙabarta da kasuwa, sai a ga an doshi hekta 300. Wannan lissafinmu ne bisa allo, yana iya yin sama ko ƙasa, amma ya isa ya nuna girman al'amarin. Gonakin magidanta masu yawa ne za su koma gari, kuma an riga an ci fiye da rabin wa'adin.

Ba haihuwa kaɗai ke ƙara gidaje ba. Samarin da ke tafiya bida Nijeriya ko Libiya ko Abijan, burin kowannensu in ya samu shi ne ya dawo ya ta da ɗaki ya yi aure, ya fita daga cunkoson gidan gandu. Babbar hanya tana jan masu shago da masu sana'a zuwa bakinta. A shekarun nan kuma rashin kwanciyar hankali a kan iyakarmu da jihar Sakkwato ya sa iyalai barin ƙananan tungaye zuwa manyan garuruwa, inda suke ganin sun fi samun tsaro. Duk waɗannan mutane suna neman wurin aza kai, kuma za su same shi ko da tsari ko babu.

Gari in ya yaɗu da kansa

Kowa ya san yadda abin ke gudana. Yaro ya isa aure, uba ya yanka masa kusurwar gonar da ke bayan gida. Maƙwabci ya shiga matsi, ya sayar da gefen tasa da baki, shaidu biyu, babu takarda. Kowa ya ja katangarsa iyakar inda ƙarfinsa ya kai, abin da ya rage tsakanin katangu biyu shi ake kira hanya. Bayan shekara goma sai a wayi gari da unguwa guda wadda amalanke ba ya shiga lungunanta da damin gero, motar likita ba ta isa ƙofar mai naƙuda, in gobara ta tashi kuwa sai dai a tsaya ana salati. Masai yana kusa da rijiya. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini ya zama kududdufi a tsakiyar gidaje, sauro na haihuwa cikinsa, yara na faɗawa. Makarantar da aka gina a bayan gari gidaje sun kewaye ta, babu inda za a ƙara aji ko ɗaya. Burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya ya tsuke, ranar da garke ya taɓa dangar wani sai rigima ta tashi tsakanin mutanen da kakanninsu suka zauna lafiya.

Mafi muni duka shi ne maganar ruwa. Filin da ya fi arha a kowane gari shi ne na cikin kwari da bakin ƙorama, saboda haka can talaka ke sauka. Da rani wuri ne shimfiɗaɗɗe mai kyan gani, tsofaffi kaɗai ke tuna shekarar da ruwa ya kwanta a wurin har ƙugu. Ruwa kuwa ko ya shekara ashirin bai zo ba, ran da ya zo tsohuwar hanyarsa yake bi. Daminar 2024 ta koya wa ƙasar nan wannan darasi da tsada. Bisa lissafin hukuma, mutum kusan 400 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi ambaliya ta shafa, gidaje dubbai suka rushe, har tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram ya faɗi a farkon watan Satumba. Sai da aka ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun zama masaukin waɗanda suka rasa matsuguni. Babu hukumar da ke iya hana ruwan sama zuba, amma hana mutum kafa gida a kan hanyar ruwa yana hannun komin da mai gari.

Gani ga wane

Kada kuma a zaci duk lotisma ce magani. Akwai wadda ke zama cuta, kuma babban birnin ƙasa ya nuna mana irinta. Tun 1965 aka fara dasa itatuwa kewaye da Yamai domin su tare mata iska da ƙura. A kwana a tashi, yankan filaye da gine-gine suka ci babban ɓangare na wannan daji. A farkon shekarun 2000 kuma, da gomnati ta kasa biyan ma'aikata bashin albashinsu, sai aka biya su da filaye. Aka yanka dubbai a gonakin bayan birni, inda babu ruwa babu hanya babu wuta. Da yawa daga cikin masu su suka sayar da arha ga masu kuɗi, su kuma suka ajiye suna jiran farashi ya hau. Manomi ya rabu da gonarsa, wanda ba shi da gida kuma yana nan yadda yake.

Irin wannan kwaɗayi yana iya kama kowace komin ta karkara, domin harajin da ke shigowa kaɗan ne, kuɗin kasuwa bai taka kara ya karya ba, bukatu kuwa ga su jibge. Shugaban da ya rasa abin biyan ma'aikata, in mai awon fili ya nuna masa gona ya ce ga filaye ɗari uku, da wuya ya kau da kai. Amma fili sau ɗaya ake sayar da shi. Kuɗin ya ƙare cikin wata uku, nauyin kai ruwa da hanya ga sabuwar unguwa kuwa ya zauna bisa wuyan komin shekara talatin.

Kusa da mu ma akwai abin kiyayewa. Gandun noman rani na Ƙonni, wanda aka gina tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, yana shan ruwan Majiya daga madatsun Mozage da Zango, faɗinsa ya fi hekta 2400, dubban iyalai ke ci daga gare shi, ga shi kuma jingine da birnin da ke girma kullum. Ƙasa irin wannan, da duk wata fadama da ake noman albasa da kayan miya cikinta a gundumomin nan uku, in aka aza mata siminti ba ta dawowa. Gidan da aka gina bisa abincin gari, masu shi da maƙwabtansu duka za su biya kuɗinsa.

Al'ada da doka sun yarda

Wani zai ce tsarin gari abin Turawa ne, mu ba mu gada ba. Tarihi bai goyi bayansa ba. Waɗanda suka gina ganuwar Kano da ta Katsina sun kewaye fili wanda ya fi gidajen zamaninsu faɗi ƙwarai, suka bar gonaki da sarari cikin birni domin ranar tsanani da kuma masu zuwa a baya. Kowane ƙauyen ƙasar Hausa yana da huruminsa da ba a nomawa, da burtalinsa, da dandalinsa, da filin idi, da gefen da aka ware wa maƙera da marina. Mai gari da dattawa ke nuna wa baƙo inda zai kafa ɗaki. Abin da ya canza shi ne yawan jama'a ya wuce abin da ƙwaƙwalwar dattijo ɗaya za ta riƙe, fili kuma ya zama kuɗi. Takarda da igiyar awo ne kaɗai baƙi a cikin wannan aiki.

Doka ma ta share hanya. An kafa komin-komin na ƙasar nan da dokar 2002, aka yi zaɓensu na farko a watan Yuli na 2004, dokar ƙananan hukumomi ta 2010 kuma ta ɗora musu nauyin tsara ci gaban yankunansu, wanda suke rubutawa cikin kundin shiri na shekara biyar. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya ce mallakar fili ta hanyar al'ada da ta hanyar takarda duka kariyarsu ɗaya ce a gaban doka. A ƙarƙashinsa aka kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo: ta gunduma a hannun parefe, ta komin a hannun shugaban komin, ta ƙauye a hannun mai gari, wadda ke ba da takardar shaidar saye da kyauta da aro da jingina. Dokar kiwo ta 2010 ta kare burtali da wuraren kiwo, ba mai ikon mai da su nasa. Dokar 1961 da aka gyara a 2008 kuwa ta ce ba a karɓe wa mutum filinsa don amfanin jama'a sai an fara biyansa diyya ta adalci. Ashe kayan aiki suna nan cikin ofis, abin da ya rage a fito da su rana.

Aikin da ke gaban komin

Mataki na farko ba ya cin kuɗi. A tsakiyar damina, shugabannin komin da mai gari da dattawa, maza da mata, da wakilan makiyaya, su zagaye gari da ƙafa, su ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi, tsofaffi su nuna iyakar da ya kai a shekarun da ya yi yawa. A kafa turaku, a sa a taswira. Yau hoton gari daga sama ana ganinsa cikin wayar hannu, ma'aikacin gona ko na gandun daji zai iya taimakawa. Duk inda aka shaida hanyar ruwa ce, a sanar a kasuwa da masallaci cewa ba wurin gini ba ne, Kofo kuma kada ta sa hannu bisa cinikinsa da sunan gida.

Na biyu, a zaɓi gefen da gari zai nufa. A fifita tudu da fako, ƙasar da ba ta ba manomi komi, bayan an tabbata ba wurin kiwo ba ne. A kauce wa fadama da gonaki masu albarka. Kada gari ya yi ta miƙewa bisa bakin kwalta kamar igiya, domin manyan motocin da ke bin wannan hanya ba su san yaro ba. Gara a ja layi a bar tazara, a buɗe unguwa zuwa ciki.

Na uku, kafin a yanka fili ko ɗaya na mutum, a fitar da rabon jama'a: hanyar da amalanke biyu za su gitta juna cikinta, da mabiyar ruwa a gefenta, da wurin makaranta mai sararin ƙarin azuzuwa, da na likita, da na famfo ko rijiya nesa da masai, da maƙabarta, da kasuwa, da filin da samari za su yi wasa. A ware wuri guda a bayan gari inda za a riƙa ɗibar ƙasar gini. Waɗannan wurare a rubuta su da sunan komin, a dasa itatuwa bisa iyakokinsu, domin filin jama'a in ba shi da alama, a hankali maƙwabta ke cinye shi taku-taku.

Na huɗu shi ne haƙƙin mai gona, kuma nan ne aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci. Gona gadon gida ce, akwai mata da marayu da waɗanda ke bida masu rabo cikinta. A tara magada duka, a yi magana a fili, a rubuta abin da aka shirya, ko diyya ce ko rabon filaye ko musanyar gona, a karanta musu da Hausa kafin kowa ya dangwala yatsa. Wanda ke noma gonar da aro ko jingina shi ma a saurare shi. Manomin da aka yi wa adalci shi zai tsare turakun awo, wanda aka zalunta kuwa da dare zai tuge su, kuma shari'ar da za ta biyo baya ta fi diyyar tsada.

Na biyar, rabo. A fara da waɗanda ambaliya ta rusa wa gidaje da waɗanda ke zaune cikin kwari, sa'an nan sababbin magidanta, da matan da mazansu suka rasu suka bar su da ƴaƴa. Magidanci ɗaya fili ɗaya. A liƙa sunaye a ƙofar ofishin komin, a karanta su a gidan rediyo. A sa wa'adi, wanda bai gina ba fili ya koma hannun komin a ba wani. Kuɗin da aka karɓa a ajiye su a layi dabam, a kashe su ga hanya da ruwan wannan unguwa, a faɗa wa jama'a nawa suka shigo nawa suka fita.

Na shida ya shafi ginin kansa. Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ke aiki tun shekarun 1960, tana kusa da mu, kuma a watan Oktoba na 2024, bayan ambaliya, hukuma ta rage kuɗin siminti da kashi 35 cikin 100. Duk da haka mafi yawan magidantan karkara da ƙasa za su yi gini, kuma wannan ba abin kunya ba ne. A garin Yama na gundumar Illela, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, a 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake ji da ita a duniya. A Dandaji, cikin jihar nan ta Tawa, an kammala sabon masallaci a 2018 da tubalin jar ƙasa da ake matsawa da inji, aka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu, kuma ƴar ƙasar nan mai zanen gine-gine, Mariam Isufu Kamara, tana cikin waɗanda suka tsara shi. Tun 1980 kuma aka fara koya wa magina a ƙasar nan rufin tulluwa na tubali zalla, wanda ba ya bukatar icce. Abin da ke ka da ɗakin ƙasa shi ne ruwan da ke kwanciya a gindinsa da wanda ke shiga ta kansa. Saboda haka ɗan simintin da magidanci ya iya saye ya sa shi ga tushe, ya ɗaga daɓen ɗaki sama da ƙasan waje, ya gyara indararo, ya yi yaɓe kafin damina. Komin na iya tara maginan yankin sau ɗaya a shekara a yi musu bita a kan wannan.

Amsa ga masu shakka

Akwai masu cewa komin ba ta da kuɗin wannan aiki. Gaskiya ne ba ta da kuɗin gina wa kowa gida, ba mu kuwa nemi haka daga gare ta ba. Manomi ya saba gina ɗakinsa da hannunsa da gayyar abokai. Abin da ba ya iya yi shi kaɗai shi ne fitar da hanya ta cikin gonar wani, wannan sai hukuma. Kuɗin turaku da awo kaɗan ne in aka gwada da kuɗin rusa gidaje ashirin domin a buɗe hanya bayan an gine, ko kuɗin buhunan hatsi da tabarmi da ake rabawa bayan kowace ambaliya.

Akwai masu cewa Bazaga ƙauye ce, a bar wa birane wannan wahala. Mu kuwa muna ganin a ƙauye ne aikin ya fi sauƙi, domin har yanzu fili bai yi tsadar na birni ba, mutane sun san juna, dattawan da suka san iyakoki suna da rai. Birnin Ƙonni ma ba da mutum dubu 149 ya fara ba. Wanda ya jira sai garinsa ya zama birni kafin ya tsara shi, ya yi niyyar fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma masu cewa a dakata tukuna, tun da a watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun komin da aka zaɓa, aka ɗora shugabannin riƙo. Amsarmu ita ce haihuwa da aure da damina ba su dakata ba. Ko wa ke bisa kujera, nauyin yana kansa. Sai dai rashin ƴan majalisar da za su yi magana da bakin ƙauyukansu yana ƙara wajabta wa mai riƙo ya kira taron jama'a kafin ya sa hannu bisa kowace takardar fili, ya tafi da sarakuna da masu gari da ƙungiyoyin mata da na matasa. Shirin da aka yi a ɗaki, wanda ya gaji kujera zai iya yage shi, amma wanda gari duka ya shaida yana da masu tsaronsa.

Kira

Ga ma'aikatan hukuma, daga parefe zuwa sakataren komin da ma'aikatan gona da na kiwo: idan lokacin sabunta kundin shirin komin ya zo, a sa masa babi na gidajen gobe, da yawan hektar da ake bukata, da gefen da aka zaɓa ga kowane babban gari. Kada kuma ma'aikaci ya nemi fili da sunan ƙanensa ko matarsa cikin lotismar da shi ya tsara, domin daga ranar da jama'a ta gane haka, babu wanda zai ƙara yarda da awo. Ga sarakuna da masu gari: ku ne iyayen ƙasa, hatiminku ya zama katanga ga burtali da hurumi.

Ku kuma da kuka fita ajin yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi rana. Kofo ta ƙauye tana bukatar magatakarda wanda ya iya karatu da rubutu. Ku nemi wannan aiki. Ku rubuta cinikin fili duk ƙanƙantarsa, ku karanta wa tsohuwa takarda kafin ta dangwala, ku je ofishin komin ku tambayi inda aka ware wa makaranta da maƙabarta. Yaran da ke aji ɗaya a bana, nan da shekara goma sha biyar su ne za su zo neman wurin kafa ɗaki. Allah ya sa su tarar an shata musu wuri bisa tudu, da hanya a ƙofar gida da ruwa kusa, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.